Kafin Ku Kwance Rediyon Kakanku

'Ya'yana na Rai Buba da Cholire da Garwa, maza da mata, yau a kan wani akwati zan yi muku magana. A tsofaffin gidajen malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati da attajirai da manyan fada, da wuya a rasa shi: dogon akwatin katako mai ƙafa huɗu, gabansa gilashi ne da sunayen birane a jere, in an ɗaga murfinsa a tarar da faranti mai juya faifai. Rediyo ne da garmaho a jiki ɗaya. Yawancinsu yau an lulluɓe su da zane, an jera kwanoni a kai. Ku tambayi tsohuwar gidan abin da ya sa aka daina kunna shi, za ta ce muku muryarsa ce ta ɓaci. Da an murɗa maɓallin sai ya riƙa ƙarr-ƙarr, ko ya yi tsit a tsakiya, ko ya ɓarke da ƙara ya ƙi raguwa har maƙwabta su leƙo.

Na san akwai masu hannu a cikinku. Kuna gyaran waya, kuna haɗa sola, wasunku ma da kallon bidiyo ɗaya sun iya kwance abu su ɗaure. Wannan yana faranta mini rai, yana kuma sa ni fargaba. Gyaran waya ya saba muku da cirewa da sauyawa: gilashi ya fashe a sa sabo, bakin caji ya mutu a ɗauko wani a kasuwa. Tsohon rediyo ba ya ɗaukar wannan ɗabi'a, domin an daina ƙera yawancin kayan cikinsa tun kafin a haifi iyayen wasunku. Abin da kuka ɓalle kuka yar ya tafi ke nan. Don haka nasihata ɗaya ce, sauran duk bayaninta ne: kada ku cire komai sai kun tabbatar shi ne mai laifi, in kuma kun tabbatar, ku fara neman hanyar da zai gyaru a inda yake.

Ku fara sanin abin da ke gabanku. Zamanin waɗannan akwatuna shi ne shekarun 1950 zuwa tsakiyar shekarun 1960. Grundig da Telefunken daga Jamus suke, Philips daga Holan, Pye da Bush daga Ingila. A lokacin Garwa tashar jirgin ruwa ce. In damina ta yi nisa Binuwai ya cika, jirage kan hawo daga Najeriya su sauke kayan kanti su ɗebi gyaɗa da auduga, cikin 'yan watanni ruwa ya janye, sai kuma baɗi. Akwati mai nauyi haka, kafin ya kai Rai Buba ya sha hanya, mai shi kuma ya zubar da kuɗi. Ba ya aiki da batirin tocila, sai da wutar lantarki ko injin wuta, shi ya sa ba kowane gida ke da shi ba, gidan da ke da shi kuwa kan cika da baƙi bayan isha'i. Akwai abin zuwa ji. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957. Rediyo Garwa ya fara aiki a 1958, ya kuma daɗe yana magana da Faransanci da Fillanci da Hausa a gajeren zango, kan mita 60, ana kama shi har ƙasashen maƙwabta. Rediyo Kaduna ya biyo a 1962. Ta irin wannan akwati aka ji labarin 'yancin kan Kamaru ranar 1 ga Janairu 1960. Shi kansa Ahmadu Ahijo, shugaban ƙasar na farko, haifaffen Garwa, kafin ya shiga siyasa ma'aikacin gidan waya ne mai aika saƙo ta rediyo, ta rediyo kuma ya sanar da ajiye mulki ranar 4 ga Nuwamba 1982. Maɓallin nan da ya cinye, hannun kakanninku ne ya cinye shi suna neman jin waɗannan labarai da kyau.

Akwatin kuma ba naku ba ne ku kaɗai. In mai shi ya rasu, Allah ya jiƙansa, kayan magada ne. Ku nemi izinin manya kafin ku sa masa sukundireba, ku faɗa musu gaskiya cewa yana iya gyaruwa, yana iya ƙi.

Kafin gyara akwai tsira da rai, a nan kuma ba na sassauta muku. Batirin wayar da kuka saba da ita bai kai bolt 5 ba. Rediyo mai bawul, wato waɗannan kwalaben gilashi da ke yin ja in sun yi zafi, da bolt 250 ko fiye yake aiki. Akwai babbar kwandansa a gwangwanin alminiyam wadda kan riƙe wutar nan ko bayan an zare filogi. Ku sauke ta ta hanyar razista mai kamar kilo-om 20, wat 5, ku auna da mita har ku ga ta faɗi ƙasa, sannan ku sa hannu. Kada ku haɗa ƙafafunta da bakin sukundireba don ku ga tartsatsi. Ku sani kuma a rediyoyi da yawa makunnin wuta a bayan maɓallin murya yake manne, wato bolt 220 na nan tazarar yatsa ɗaya daga inda za ku yi aiki.

Ku karanta sunayen bawul-bawul ɗin. In kun ga suna farawa da E, kamar ECH81 da EABC80 da EL84, galibi akwai taransifomar da ta raba cikin rediyon da wutar gari, ko da yake sai kun tabbatar da mita. In kun ga U a farko, kamar UCH81 ko UL84, to babu ita. Irin wannan, farantin ƙarfen da aka ɗora kayan a kai yana iya ɗaukar wutar gari gaba ɗaya, gwargwadon yadda aka soka filogi. Sandar maɓallin da kuka zare wa kai tana iya kashe mutum. Wanda bai taɓa aiki a gaban gwani ba kada ya buɗe irin wannan shi kaɗai. Ba rashin jarumta ba ne.

Kada kuma ku jona akwatin da ya shekara ashirin a kashe kai tsaye, don a ji ko yana yi. Ku duba igiyar wutarsa, robar da ta tsufa kan farfashe ta bar waya tsirara. Ku duba bayan akwatin, akwai ɗan majuyin zaɓen ƙarfin wuta mai lambobi 110, 127, 220. In yana kan 110 kuka ba shi 220, aikinku ya ƙare tun bai fara ba. Ku duba fis, ko wani ya taɓa ɗaure shi da waya. Sannan ku jera ƙwan fitila irin na da, mai zaren wuta, wat 60 ko 100, a kan waya ɗaya tsakanin bango da rediyon, yadda wuta sai ta bi ta ƙwan kafin ta shiga. In ciki lafiya, ƙwan zai yi haske ya dushe. In ya tsaya da haske tar, akwai inda wuta ta haɗe, ku kashe. Ƙwan zamani mai cin wuta kaɗan ba ya wannan aiki, don haka in kun samu tsohon ƙwai ku adana shi. Ƙaramin janareta mai hawa da sauka ba abokin wannan akwati ba ne. Injin juya faifan ma da bugun wutar gari yake tafiya, sau 50 a daƙiƙa, in janareta ya yi rawa muryar mawaƙi ma sai ta yi.

In kun buɗe baya za ku tarar da ƙurar hunturu ta shekaru, da gidan zanzaro, da kashin ɓera. Buroshi mai laushi ya isa. Gilashin gaba kuwa ku goge shi ta waje kawai. Rubutun ta ciki aka buga shi, ko ruwa yana iya ɗebe shi, balle sifirit.

Yanzu maɓallin kansa. Abin da kuke murɗawa a waje kai ne kawai. Aikin yana cikin wani ɗan gwangwani mai faɗin santimita biyu zuwa uku, wanda masu gyara ke kira bolum. A cikinsa akwai zoben da bai rufe ba, an shafe shi da wani irin garin gawayi mai tauye wuta, da ɗan harshen ƙarfe da ke bin zoben in an juya sanda. Ƙafa uku gare shi. Ta ɗaya sauti ke shigowa, ɗaya tana haɗe da farantin ƙarfe, wato ƙasa, ta tsakiya kuwa ta harshen ce, ita ke ɗaukar sauti ta kai wa bawul mai ƙara ƙarfi. In harshe ya matsa kusa da ƙasa sai ya ɗebi kaɗan, in ya matsa kusa da mashiga ya ɗebi da yawa. Shi ke nan.

Sai dai akwai hikima biyu a ciki da ido ba ya gani. Ta farko, kunnen ɗan Adam ba ya lissafin ƙara ɗaya, biyu, uku. Sai an ninka ƙarfin sauti kusan sau goma kafin kunne ya ce ya ninku biyu. Saboda haka ba a shafa gawayin daidai wa daida ba: in sanda ta kai rabin tafiyarta, kashi 10 zuwa 20 cikin 100 kawai harshen ya ɗiba, sauran yana can ƙarshe. Ta biyu, a manyan rediyoyi, musamman na Jamus, za ku ga ƙafa ta huɗu, wani lokaci har ta biyar, a gefen gwangwanin. A 1933 wasu masana biyu a Amurka, Harvey Fletcher da Wilden Munson, suka auna suka nuna cewa in an rage murya, kunne yakan fara rasa amo mai kauri kafin siriri. Wannan ƙafar, da 'yar razista da kwandansar da ke rataye da ita, ita ke mayar da kaurin in an yi ƙasa da murya. Shi ya sa tsofaffi ke cewa rediyon da ko a hankali aka kunna shi muryarsa cike take. Gaskiya suke faɗi. Sabon bolum na kasuwa ba shi da wannan ƙafa.

To, kafin ku ɗauki ƙarfen narka dalma, ku saurara. Rediyon da garmahon duk ta bolum ɗaya sautinsu ke bi. A jerin maɓallan gaba akwai wanda ke juya akwatin zuwa faifai. A na Jamus TA ake rubuta masa, a na Faransa PU, a na Ingila Gram. Ku gwada ɓangarorin biyu. In faifai yana fita lafiya, murya na hawa tana sauka sumul, rediyo ne kaɗai ke damu, to zoben ƙalau yake. Ku nemi laifin a maɓallan zaɓen zango, ko a ƙafafun bawul da suka yi tsatsa, ko a kwandansar da zan zo kanta. In kuma rediyo lafiya, faifai ne ba ya fita ko yake fita can ƙasa-ƙasa, ku dubi kan allura. Da yawa daga na wancan zamani da wani irin gishiri aka yi cikinsu, wanda zafi da laima ke lalatawa, ku kuwa kun san zafin Maris da Afrilu a kwarin Binuwai, da ke haura digiri 40 a inuwa, balle a ɗakin kwano.

In ɓangarorin biyu ne ke da ciwon, ku kula da irinsa. Ƙarr-ƙarr da ba ya zuwa sai ana juyawa, ko datti ne ko wuta ce ke yoyo. Shiru a wuri guda, zobe ne ya cinye a wurin, galibi a farkon tafiya, inda mai shi ya fi ajiye shi. Muryar da ta ƙi raguwa ko an mayar da maɓalli ƙarshe, sau da yawa dalmar ƙafar ƙasa ce ta saki, aikin minti kaɗan. Sandar da ta ƙi juyawa, giris ne ya bushe, ba ta bukatar filaya.

Sannan ku auna. Ku zare filogi, ku sauke wuta, ku ɗauki hoton wayoyin da wayarku ta kowane gefe kafin ku taɓa ko ɗaya. Ku zare wayar ƙafar tsakiya da ta mashiga. A jikin gwangwanin an rubuta ƙimarsa, kilo-om 500, ko mega-om 1, na Jamus sau da yawa 1.3. Ku auna tsakanin ƙafafun gefe biyu. In ya haura abin da aka rubuta da kamar kashi 20 cikin 100, tsufa ne, ba ciwo ba. Sai ku auna tsakanin ƙasa da tsakiya kuna juya sanda a hankali. A nan tsohuwar mita mai allura ta fi mai lamba, domin idonku zai ga allurar tana tafiya sumul ko tana tsalle, ya kuma nuna muku daidai inda take tsallen.

Ga inda samari da yawa ke faɗuwa, ku buɗe kunne. An wanke bolum, ƙarar ta tafi kwana biyu ta dawo. An sake fesa masa magani, ta sake dawowa. An saya sabo an sa, bayan ɗan lokaci shi ma ya fara. Sai a ce rediyon ya gaji. Ku mutanen Rai kun fi kowa sanin ginin ƙasa. Garin da Buba Njidda ya kafa a farkon ƙarni na 19 har yau garun fadarsa yana tsaye, har Kamaru ta sa shi a 2006 cikin wuraren da take neman UNESCO ta ƙidaya a kayan tarihin duniya. Maginin kirki in ya ga bango ya zaizaye a wuri guda, ba ya kwaɓa ƙasa ya yaɓe ya tafi. Sama yake ɗaga kai, ya nemo indararon da ya karye yake zubo ruwa a wurin. In bai gyara indararo ba, yaɓen nan na damina ɗaya ne.

Bolum an yi shi ne don sauti kaɗai ya bi ta cikinsa. Wutar da ke tsaye, wadda bawul ke ci, ƙananan kwandansoshi ne ke tare ta daga gabansa da bayansa. Su kuwa a wancan zamani da takarda ake naɗe su, a tsoma a kaki ko kwalta. Shekara sittin ko saba'in na damina da rani sun wuce a kansu, takardar ta sha laima, ta fara barin wuta tana wucewa kaɗan-kaɗan. Da zarar wutar nan ta zauna a kan zoben, duk motsin harshe sai ya zama ƙara a lasifika, komai tsabtar zoben. Gane shi ba wuya. Ku maƙala bakunan mita a ƙafafun bolum tun rediyo yana kashe, ku sa ta a ma'aunin wutar tsaye, ku janye hannu, sannan ku kunna. A galibin manyan akwatunan nan bai kamata ku ga komai ba sai abin da bai taka kara ya karya ba. In mita ta nuna wuta, kun kama mai laifi. A nan kam sauyawa ce magani, domin takardar da ta sha laima ba ta komawa. Ku sa kwandansar roba ta zamani mai ƙima ɗaya da tsohuwar, wadda ke jure bolt 400 ko 630.

Akwai wata 'yar'uwarta da nake so ku sauya ko ba ta yi ƙara ba, ita ce wadda ke miƙa sauti ga bawul na ƙarshe, EL84 a yawancinsu. In ta yi yoyo, bawul ɗin zai riƙa jan wutar da ta fi ƙarfinsa, ya yi zafi, ƙarshe ya ƙona taransifomar da ke ciyar da lasifika. Kwandansa kuɗinta kaɗan ne. Taransifomar nan kuwa da wuya ku same ta a kasuwar Garwa ko ta Yola. Amma kada wannan ya sa ku bi rediyon kuna yanke duk abin da kuka gani. Ƙananan da ke wajen kama tasha, na tangaran da makamantansu, galibi lafiya suke. Sukurorin da ke saman gwangwanayen alminiyam kuwa ba kwancewa suka yi ba. A masana'anta aka daidaita su da na'ura. Wanda ya ɗaure su don ya ga sun yi sako-sako ya yi gyaran gangar Auzinawa, rediyon ba zai sake kama tasha yadda ya kamata ba sai an samu mai kayan awo.

In an kawar da yoyo, sai wanki. Ban da baƙin mai, ban da man gyaɗa, ban da kananzir, ban da fetur. Wasu suna kama ƙura su zama laka, wasu suna cin abin da ya riƙe gawayin. Ku nemi maganin wanke kayan lantarki na feshi, ko tsantsar sifirit marar ruwa. Ɗigo biyu ta kafar da ke gindin ƙafafun ya isa, ba wanka za ku yi masa ba. Ku juya sanda daga farko zuwa ƙarshe, ku yi ta maimaitawa, ku bar shi ya bushe sarai kafin ku ba shi wuta. Yawancin ƙarar datti a nan take mutuwa.

In ta ƙi, ku fito da bolum ɗin ku buɗe shi. 'Yan kunnuwan ƙarfe ne, galibi huɗu, suka riƙe murfin. Ku ɗaga su a hankali, iya abin da murfi zai fita, domin in an lanƙwasa su an miƙe sau biyu ko uku karyewa suke. Ku aza sanda a tsakiya kafin ku buɗe, ku lura da yadda take kama makunnin wuta na baya, don a nan mayarwa ke ba da wahala. Ku goge zoben da auduga da sifirit, da hannu mai sauƙi. Kada takardar gurza ta kusance shi. Kaurin gawayin bai kai na farce ba. Za ku ga layin da harshe ya tona shekara da shekaru. Zoben ya fi layin faɗi, don haka in kun ɗan karkata harshen ciki ko waje, kaɗan ƙwarai, sai ya hau sabon wuri da ba a taɓa takawa ba. Wannan dabara kaɗai ta ceci bolum da yawa da aka yanke wa ƙauna. Inda ya ɗan cinye ana iya shafa masa fensir mai laushi, amma ku san tallafi ne na ɗan lokaci, yana kuma rage ƙimar zoben, sai ku sake aunawa. Sandar ku wanke mata tsohon giris, ku sa sabo ɗan kaɗan a wuyanta kawai, kada ya taɓa zobe.

Akwai ranar da zobe zai tsage ko ya ƙone, babu makawa sai an sauya. To a ranar ku kiyaye abu uku. Na farko, ƙima ta zama ɗaya ko kusa. Bolum na kayan zamani, mai kilo-om 10 ko 50, zai shaƙe rediyon bawul, murya ta fito siririya, faifai ya rasa kauri gaba ɗaya. Na biyu, ya zama irin na murya, mai hawa a hankali daga farko. Kada ku dogara da harafin da ke jikinsa: a kayan Asiya na yanzu A ne na murya, B na tafiya daidai, amma a tsofaffin kayan Turai da yawa akasin haka ne. Ku aza shi a tsakiya ku auna, mita ba ta ruɗuwa da harafi. Na uku, kaurin sanda: na Turai milimita 6 ne, na Ingila da Amurka galibi 6.35, bambancin nan kaɗan ya isa ya fasa tsohon kan maɓalli in aka tura shi da ƙarfi. Wayar da ke kai sauti tana da saƙar ƙarfe a jikinta. Ku mayar da saƙar inda kuka same ta, in ba haka ba za ku gaji wani gurnani da ba ya tafiya.

Mafi kyawun madadin tsohon bolum shi ne wani tsohon bolum, mai ƙafa ta huɗun nan, daga rediyon da ya mutu murus. Wannan kuma zai kai ku inda nake so ku je tun farko. A Garwa da Marwa da Ngaundare da Yola ba a rasa dattawan da suka koyi sana'a tun zamanin bawul. Yau wasunsu fanka da talabijin suke gyarawa, wasu ido ya yi rauni sun zauna a gida, amma da wuya ku samu wanda ba shi da kwali cike da tsofaffin kaya a ƙarƙashin benci. Ku je da sallama, ku durƙusa ku gaida Baba, ku kai goro, ku zauna ku kalli hannunsa. Ku tambaye shi me ya sa, ba yaya kaɗai ba. Abin da zai ji da kunne cikin minti ɗaya, ku sai kun yini da mita. Daga Rai zuwa Garwa tafiya ce, da damina ma wahala ce, amma gara ku jira rani ku kai bolum ɗin a aljihu da ku fasa shi a gida don gaggawa.

Ina roƙonku abu guda da zuciya ɗaya: kada ku kwashe cikin akwatin ku zuba masa ɗan allon Bluetooth, ku ce kun sabunta shi. Abin yana ba ni baƙin ciki duk inda na gan shi. In waƙoƙin wayarku kuke so ku ji ta cikinsa, yawancinsu suna da mashiga a baya mai alamar TA ko PU, ta nan sauti zai shiga ba tare da an yanke ko waya ɗaya ba, muddin rediyon mai taransifoma ne. A wanda ba shi da ita kada ku kuskura. Kada kuma ku yi mamaki in wani bai kama duk tashoshin FM ba. Na Jamus na shekarun 1950 a wajen 100 lambobinsu ke tsayawa, wasu da aka ƙera don Afirka ma ba su da FM ɗin sam, gajeren zango aka cika musu. Haka aka yi su.

Fayafayan da ke cikin aljihun akwatin suna iya fin akwatin daraja. Wataƙila ku tarar da Mamman Shata, ko Ɗan Maraya Jos, ko Soul Makossa na Manu Dibango da ya fito a 1972, wataƙila kuma wani mawaƙin da babu shi a intanet ko kaɗan. Masu juyi 78 a minti, masu nauyi, fashewa suke in sun faɗi, sifirit kuma narkar da su yake. Masu 33 da 45, da suka fito a 1948 da 1949, rana ce ke lanƙwasa su. Ku jera su a tsaye, a inuwa. Allurar 78 daban take da ta sauran, shi ya sa kan allura da yawa ake juya shi fuska biyu. Allurar da ta dakushe tana cin faifai tun a juyin farko, don haka kada ku gwada gyaranku da faifan da ya fi tsada a wurin iyalin. Ranar da kuka fara kunna kowanne, ku ɗauki sautinsa da waya, ku ɗauki hoton takardar tsakiyarsa, ku tura wa 'yan'uwa.

In an gama ɗaurewa, ku sake kunnawa ta ƙwan fitilar nan, sannan kai tsaye, ku zauna kusa da shi rabin sa'a kuna sansana iska. Warin ƙonewa ko hayaƙi, ku zare filogi nan take. Bayan kun kashe, ku taɓa jikin taransifoma: ɗumi ba laifi, zafin da hannu ba ya jurewa akwai sauran aiki. Duk abin da kuka cire, har matattun kwandansoshin, ku ƙulle a leda ku ajiye a cikin akwatin, tare da takarda mai ɗauke da kwanan wata, da abin da kuka sauya, da ƙimar da kuka sa, da abin da kuka gani ba ku taɓa ba. Ku janye akwatin daga jikin bango saboda gara, ku bar wa bayansa hanyar iska. Da damina ku riƙa kunna shi kamar sa'a guda kowane mako biyu, zafin bawul ɗin ya kori laimar da ta shiga.